Littafin aiki: cike bayanan harajin shekara biyar na wani mai injin casar shinkafa a ƙasar Kura

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

An buɗe fayil yau. Mai shi, wanda za mu riƙa kira Alhaji kawai, yana da injin casa a wani ƙauye a ƙasar Kura. Yana sayen shanshera da kaka ya ajiye, ya case ya kai Dawanau da cikin birni, yana kuma casa wa mata masu gumi a kan kuɗin buhu. Rabonsa da kai bayanin kuɗin shigarsa ofishin haraji tun 2020. Abin da ya taso da maganar shi ne yana neman kwangilar kai shinkafa, aka ce ya kawo takardar shaidar biyan haraji. Ita takardar tana nuna shekara uku da suka gabata: abin da mutum ya samu, abin da aka yanka masa, abin da ya biya, da abin da ya rage a kansa.

Kafin a taɓa ko da rasit ɗaya mun tantance abu uku.

Wa za a biya? Rajistar da Alhaji ya yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta sunan kasuwanci ce, ba ta kamfani ba. A idon doka shi da injin abu ɗaya ne, don haka harajinsa na ɗaiɗaikun mutane ne, kuma jiha ke karɓa. Da kamfani ne da hukumar tarayya za mu nufa, da wata doka daban.

Wace jiha? Rabin shansherarsa daga Haɗeja da Auyo take zuwa, har ya ɗauka Jigawa na da rabo a ciki. Ba ta da shi. Inda mutum yake zaune ranar 1 ga Janairu na shekarar shi ake dubawa, shi kuwa bai taɓa tashi daga ƙauyensu ba. Hukumar tattara kuɗaɗen shiga ta Jihar Kano, KIRS, ita ce tamu.

Waɗanne shekaru? Ɗan kasuwa ana yanka masa harajin bana ne a kan ribar bara, kuma ana kai fom kafin ƙarshen Maris. Shekarun da suka tsallake su ne 2021 zuwa 2025, ke nan littattafan 2020 zuwa 2024 za mu tono. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su cike fom ɗin 2023 da cinikin 2023, daga baya a dawo musu da shi.

Akwai maganar da sai da muka zauna a kanta. Alhaji ya ce shi a saninsa an soke haraji tun zamanin Rimi. Gaskiya ne gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, amma wannan harajin kai ne da dagatai da masu unguwanni ke tarawa. Na kuɗin shiga yana nan daram, ƙarƙashin dokar 1993 da aka yi wa babban gyara a 2011, wadda ke aiki har ƙarshen 2025 kafin sabuwa ta maye gurbinta. Haka rasitan da ya tara na ƙaramar hukuma, na kasuwa da na wurin sana'a: duk ya biya, amma ba su ne wannan ba. Amfaninsu shi ne za su shiga cikin kuɗin da aka kashe wa sana'a.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Takardu sun iso cikin akwatin ƙarfe da buhu biyu. Littafin ciniki na 2020, 2022, 2023 da 2024 suna nan. Na 2021 gara ta cinye fiye da rabinsa. Akwai rasitan sayen inji da janareta, littafin bashi, da takardun lodin motoci a haɗe da roba, ba jeri. Mun ware su shekara shekara cikin leda biyar, mun ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin a ci gaba da juya su, don wasu tawadar ta fara bajewa.

Matsala ta farko: lambar haraji biyu gare shi. A ɗaya an sa sunan mahaifinsa a ƙarshe, a ɗayar sunan garinsu, kamar yadda aka rubuta shi a firamare. Idan aka biya kuɗi da lambar da ba ita ke kan fayil ba, kuɗin sun shiga asusun gwamnati amma ba za su bayyana a kan sunansa ba. Mun rubuta takardar neman a haɗe su, mun liƙa kwafin katin NIN, kuma daga yau sunan da ke kan NIN kaɗai za a rubuta a komai.

Laraba, 15 ga Oktoba

Sitetmen na banki sun samu, daga Janairun 2020 zuwa Disambar 2024. Mun nemi a turo ta imel maimakon bugawa, saboda ana cajin kowane shafi, kuma wanda ke cikin kwamfuta ya fi sauƙin tacewa. Asusu uku ne: na sunan kasuwanci, nasa na kansa, da na na'urar POS da ke kan sunan babban ɗansa amma kuɗin injin ke shiga. Na ukun nan ɗan ya so a bar shi, ya ce, "Baba, ai wannan ba sunanka ba ne." Mun ce a saka. Masu sayen shinkafa sun tura kuɗi ciki ɗaruruwan lokuta, kuma fayil ɗin da aka ɓoye wa ɓangare ɗaya, ranar da aka gano, sauran ɓangarorin ma sun rasa daraja.

Nan ne ainihin aikin yake. Kuɗin da ya shiga asusu ba riba ba ne, ba ma lallai ya zama ciniki ba. Amma wanda bai san gidan ba, idan ya ga jimilla a ƙasan shafi, ita zai kama. Idan mutum bai kai bayaninsa ba, doka ta ba hukuma dama ta ƙiyasta masa da abin da ta gani, sannan ya rage nasa ya kawo hujjar cewa ba haka ba ne. Shi ya sa muke bin layi layi, kowane kuɗi da ya shigo a sa masa alama ɗaya cikin biyar: cinikin shinkafa, kuɗin casa, juyi daga asusunsa zuwa asusunsa, kuɗin wani da ya ratsa, ko bashi da adashi.

Shekarar 2023 ta fi kowace wahala. Lokacin canjin kuɗi, daga Janairu zuwa Maris, takardar naira ta ɓace, kuma a ƙauyen mutane ƙalilan ke da asusu mai aiki. Duk wanda ɗansa zai turo masa kuɗi daga Legas ko Fatakwal, lambar Alhaji ake bayarwa, shi kuma ya ba da tsaba idan ya samu, ko ya ba da shinkafa. A takarda, naira miliyan 71 suka shiga a shekarar. Bayan tacewa, miliyan 52 ne ciniki da kuɗin casa. Sauran miliyan 19 sun rabu haka: miliyan 8 juyi tsakanin asusunsa, miliyan 6 da rabi na mutane, miliyan 3 kwasar adashi, miliyan ɗaya da rabi bashi daga ƙaninsa.

Juyi tsakanin asusu ba ya buƙatar wata hujja, fitarsa a nan da shigarsa a can rana ɗaya ne, adadi ɗaya. Adashi mun samo kwafin littafin uwar adashi. Na mutane shi ne mai wuya. Inda aka turo wa wani kuɗi ya karɓi shinkafa, wannan ciniki ne, mun mayar da shi cikin ciniki ko da Alhaji yana ganin taimako ya yi. Inda tsaba aka bayar, mun jera sunaye da ranaku, kuma duk wanda kuɗinsa ya kai naira 100,000 za a nemi ya sa hannu ko ya dangwala a takarda, gaban mai unguwa. Mutum 23 ne. Ƙananan da ba a tuna masu su ba, mun bar su cikin ciniki. Harajin da za su jawo bai kai wahalar jayayya a kansu ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Shekarar 2021, wadda gara ta ci. Ba za mu ƙirƙiro adadi ba, kuma ba za mu bar gurbin ba. Mun bi ta hanyar man dizal. A littattafan 2020 da 2022, jarka ɗaya mai lita 25 tana case wajen buhu 40 a wannan injin. Mai sayar masa da mai yana da littafin bashi, ya nuna jarka 96 a 2021, ke nan kusan buhu 3,840. Takardun lodi da sayen buhunan zuba shinkafa sun nuna wajen 1,100 nasa ne, sauran na masu kawo casa. Mun gwada da abin da shanshera ke bayarwa, kilo 60 zuwa 65 na shinkafa a kowane kilo 100, sannan da kuɗin da suka shiga banki. Hanyoyin uku ba su yi nisa da juna ba. Mun rubuta bayanin yadda aka yi lissafin a shafi ɗaya, za a liƙa shi a fom ɗin, a faɗa a fili cewa na wannan shekarar ƙiyasi ne da dalilinsa.

Litinin, 27 ga Oktoba

Kuɗin da aka kashe. Ma'aunin doka shi ne a kashe kuɗin kacokan don samar da ribar, kuma ya zama dole ne, ba a wuce hankali ba. Waɗanda suka shiga ba gardama: shanshera, dizal, kuɗin mota, 'yan dako, buhu da zare, gyaran inji, bel da rariya, albashi, cajin banki, rasitan ƙaramar hukuma, la'adar dillalai. Dizal ya ninka fiye da sau biyu cikin 2022, Alhaji kuma bai ƙara kuɗin casa ba sai wajen ƙarshen shekara, shi ya sa ribar shekarar ta faɗi. Mun rubuta wannan a gefe, don duk mai duba fayil zai tambaya.

Waɗanda muka cire: cefanen gida, kuɗin makarantar yara, kujerar Umara, gudummawar biki, da man babur ɗin gida. Motar ɗaukar kaya tana aikin inji tana aikin gida, mun ba sana'a kashi uku cikin huɗu na man da gyaranta.

Shinkafar da ake ɗiba a kai cikin gida, buhu biyu a wata, ba a taɓa rubuta ta ba. Dole ta fito a lissafi a matsayin abin da mai sana'a ya ɗauka, in ba haka ba kaya za su ɓace tsakanin saye da sayarwa ba bayani. Zakka ma haka. Alhaji yana fitar da ita duk shekara, kuma ya yi tsammanin za a rage masa ita. Dokar ba ta lissafa zakka ko sadaka cikin abin da ake ragewa ba. A ganinmu wannan gurbi ne da ya kamata masu yin doka su duba, a jihar da mafi yawan 'yan kasuwa ke fitar da ita, amma fom ba wurin gyara doka ba ne. Mun rubuta ta a matsayin abin da ya ɗauka.

Kuɗin shiga biyu da aka manta: ɓuntu da dusa da ake sayar wa masu kiwo, da hayar wani shago nasa a cikin garin Kura, naira 150,000 a shekara. Gonarsa ta rani a Kadawa ita ma ta shiga: iri, taki, magani, kuɗin ban-ruwa da na ma'aikata a gefen kashewa, shansherar da ta fito kuma cikin kayan inji.

Kuskuren da ya fi tsada, wanda kusan duk mai ajiye hatsi ke yi, shi ne kayan da suka kwana. Shansherar da aka saya a Nuwamba aka sayar a Afrilu, kuɗinta ba na shekarar saye ba ne gaba ɗaya. Ana ɗaukar kayan da aka shiga shekara da su, a ƙara abin da aka saya, a cire abin da ya rage a sito ranar 31 ga Disamba. Idan ba a yi haka ba, shekara ɗaya za ta nuna asara ta ƙarya, ta gaba ta nuna riba mai kumburi, ta tura mutum mataki mafi tsada. Alhaji bai taɓa ƙirga sito a ƙarshen Disamba ba, amma yana ƙirgawa don zakka, kuma mai gadin sito yana da littafin shiga da fita. Daga ranar ƙirgar zakka muka yi gaba ko baya zuwa ƙarshen kowace shekara.

Sabon injin cire tsakuwa da ya saya a 2022 da janareta ba a zuba kuɗinsu a shekara ɗaya kamar dizal. A tsohuwar doka ana ba da rangwame a kansu ne kashi kashi, babban kaso a shekarar farko, saura a rarraba, bisa jadawalin da ke ƙarshen dokar. Sharaɗi shi ne rasit da shaidar cewa kayan suna aiki a ƙarshen shekarar. Rasit ɗin janareta ba suna a kansa, mun haɗa shi da layin banki na ranar.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Aiki ya tsaya. Kaka ta kama, Alhaji yana Haɗeja wajen awo. Cikin mutum 23 an samu sa hannun 14.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Lissafi ya fito. Ga yadda ake yi a tsohuwar doka, wadda ita ke kan waɗannan shekaru. Bayan an cire kuɗin da aka kashe da rangwamen kayan aiki, abin da ya rage ana cire masa rangwamen bai ɗaya: naira 200,000 ko kashi 1 cikin 100, duk wanda ya fi yawa, a ƙara kashi 20 cikin 100. Saura sai a hau da shi mataki mataki. Naira 300,000 na farko kashi 7, na biyu kashi 11, sai 500,000 kashi 15, wani 500,000 kashi 19, sai miliyan 1.6 kashi 21, duk abin da ya haura miliyan 3.2 kashi 24.

Misali da ribar 2023, naira miliyan 4.5. Rangwame 200,000 da 900,000, ya zama miliyan 1.1. Saura miliyan 3.4. Matakai biyar na farko sun ba da 21,000 da 33,000 da 75,000 da 95,000 da 336,000, jimilla 560,000. Ragowar 200,000 a kashi 24 ya ba da 48,000. Harajin 2024 ke nan naira 608,000.

Sauran: ribar 2020 miliyan 2.4, haraji 249,200. Ta 2021 miliyan 3.1, haraji 366,800. Ta 2022 miliyan 1.9, haraji 170,800. Ta 2024 miliyan 6, haraji 896,000. Duka shekara biyar naira 2,290,800, kafin tara.

Kuɗi ne masu yawa ga mai injin ƙauye, ana tsakar sayen kaya. Amma abin da ya hana Alhaji zuwa ofis shekara da shekaru shi ne jin cewa za a ɗauki kashi 24 na duk abin da ya shiga banki. Da haka ne, 2023 kaɗai da ta haura miliyan 17. Wannan tsoron muna jin sa a bakin 'yan kasuwa da yawa, kuma shi ke sa bashi ya yi ta taruwa.

Wani abu ya ɓullo a sitetmen na 2022: ya sayar da fili naira miliyan 2, wanda ya saya miliyan 1.2. Wannan ba ya cikin ribar sana'a, harajinsa daban ne, kashi 10 na ribar sayar da kadara a tsohuwar doka. An cire la'ada da kuɗin takardu 100,000, riba 700,000, haraji 70,000. Za a cike masa nasa fom.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

A 2023 ya kai wa wani kamfani shinkafar naira miliyan 5.2, aka biya shi miliyan 4.94. Ya ɗauka ragi suka yi masa. Kashi 5 ne na harajin da ake zabtarewa a lokacin kafin a biya ɗan kwangila, naira 260,000, kuma nasa ne: biya ne aka yi a madadinsa, ana cire shi daga harajin shekarar. Sai dai ba a cirewa da baki, sai da rasit ɗin da ke nuna kamfanin ya zuba kuɗin da sunansa da lambarsa. Abin da ke yawan lalacewa a nan biyu ne. Ko kamfani ya cire bai zuba ba, ko ya zuba wa hukumar tarayya alhali na mutum ɗaya jiharsa ake kai wa. Mun rubuta wa kamfanin, mun haɗa da takardar oda da layin banki. A cinikin ma miliyan 5.2 ne ke cikin lissafin da muka fitar, ba abin da ya shigo hannu ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ma'aikata. Mai ɗaukar mutane aiki shi ke da alhakin cire harajin albashi, ya zuba kafin 10 ga wata mai bi, sannan ya kai jerin ma'aikatansa na shekara kafin 31 ga Janairu. A tsohuwar doka rashin kai jerin yana da tarar naira 50,000 idan mai ɗaukar aikin mutum ne, kamfani kuwa 500,000. Alhaji bai taɓa jin wannan ba.

Ya fara ɗaukar masu albashin wata a Janairun 2021, su biyar. Huɗu ba su taɓa haura mafi ƙarancin albashi ba, naira 30,000 a da, 70,000 daga tsakiyar 2024, kuma tun 2021 doka ta ɗauke haraji daga irinsu. Sunayensu dai za su shiga jerin. Na biyar, mai kula da inji, yana karɓar 45,000 daga 2021 zuwa 2023, harajinsa 16,240 a shekara. Daga Janairun 2024 ya koma 90,000, haraji 63,600 a shekara, wato 5,300 a wata. Bashin shekara huɗu 112,320, na bana zuwa Oktoba 53,000. Tunda ba a cire a lokacinsa ba, a wuyan Alhaji yake, kuma ya ce ba zai bi yaron bashi ba. Daga albashin Nuwamba za a fara cirewa, an yi masa bayani tun yanzu kada ya ga gibi ya ɗauka an rage masa.

Talata, 25 ga Nuwamba

An kai fom biyar ofishin haraji, kowane da lissafin riba, taƙaitaccen sitetmen da kwafin hujjoji. Asalin takardu suna gida. Kwafi biyu muka yi na komai, aka buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a namu. Wannan hatimin shi ne shaidar cewa mu muka kawo kanmu kafin a neme mu. An haɗe lambobin nan biyu. Rasit ɗin kamfani ya zo, kuma jiha aka zuba wa. Sa hannu ya kai 21, biyun da suka rage sun tafi cirani, kuɗinsu naira 310,000, mun rubuta haka a takardar rakiya tare da lambar layinsu a sitetmen.

An biya na shekara uku na farko, naira 786,800, a banki, da lambar biya da ofis ya fitar, kowace shekara da rasit ɗinta. Kada a haɗa shekaru a rasit ɗaya, don ranar neman takardar shaida shekara shekara ake dubawa. Kuma ba a miƙa wa kowa tsaba a hannu, ko wane ne.

Tara da kuɗin ruwa. Dokar ta ɗora kashi 10 a kan harajin da aka makara, da kuɗin ruwa a kai. Na biyun ya dami Alhaji ƙwarai, ya ce da jami'in, "Ranka ya daɗe, tarar na yarda laifina ne, amma ruwa fa?" Jami'in ya ce, "Alhaji, a rubuto, ba a nan ake yankewa ba." Haka ne. Doka ta ba hukuma ikon yafe tara, duka ko wani ɓangare, idan an kawo dalili. Mun rubuta wa shugaban hukumar takarda shafi ɗaya: shi ya kawo kansa, ya bayyana har asusun da ba sunansa ba, ya biya kashi ɗaya cikin uku nan take, ga jadawalin biyan saura. Mun roƙi a yafe tara da ruwan. Ba mu yi masa alkawarin za a amince ba. Ɓangaren hukuncin addini kuma mun ce ya kai wa malaminsa, ba fagenmu ba ne.

Wani ya ba shi shawarar ya cike na shekara uku kawai tunda su takardar ke nunawa. Ba mu yarda ba. Hukuma na iya komawa baya shekara shida, kuma inda aka samu zamba ko ƙin biya da gangan ko sakaci, babu iyaka. Shekara biyun da aka bari za su zauna suna jiran ranar da wani zai buɗe fayil.

Litinin, 8 ga Disamba

Takardar yanke haraji ta zo, an karɓa ranar Juma'a 5 ga wata, mun rubuta ranar a bayan ambulan. Shekara huɗu an amince da lissafinmu. Ribar 2021 an ɗaga ta daga miliyan 3.1 zuwa 3.6, saboda gyaran inji na naira 500,000 ba rasit. Tambaya ce mai kyau, tunda littafin shekarar babu shi. Bambancin haraji naira 84,000.

Kwana 30 doka ta bayar daga ranar karɓa a rubuta ƙin amincewa, da dalilai, da adadin da mutum ya yarda da shi. Idan suka wuce, adadin ya zauna. Zuwa ofis a yi magana da baki ba ya tsayar da ƙirgar kwanakin. Mun koma sitetmen, mun samu tura kuɗi sau huɗu zuwa ga makanikin, jimilla 320,000, shi ma ya rubuta abin da ya gyara ya sa hannu. Ragowar 180,000 tsaba aka ba shi, ba wata shaida, mun sallama. Ke nan riba 3,280,000, haraji 397,040, ƙarin 30,240 a kan abin da aka biya. Idan ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar arewa maso yamma a Kaduna, amma a kan naira 53,760 kuɗin mota da lauya sun fi abin da ake nema.

Litinin, 15 ga Disamba

An kai takardar ƙin amincewa ranar Laraba, da hatimi. An biya na 2024, naira 348,000 bayan cire 260,000 na kamfani, da 30,240, da 70,000 na fili, da bashin harajin albashi. Saura 896,000 na 2025, biya biyu: 448,000 ƙarshen wannan wata, 448,000 ƙarshen Janairu, idan an fara fitar da sabuwar shinkafa.

Dalilin da ya sa muka matsa a kai fom kafin shekara ta ƙare: sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni za su fara aiki 1 ga Janairu, 2026. A cikinsu rashin kai bayani yana da tarar naira 100,000 a watan farko, da 50,000 kowane wata bayansa. Ba mu so a shiga Janairu da fom biyar a hannu a tsaya muhawarar wace doka ce za ta hau kansu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lissafin ma zai canza. Rangwamen bai ɗaya ya tafi. Naira 800,000 na farko ba haraji, miliyan 2.2 na gaba kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai zaman haya zai samu ragin kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyaka 500,000, amma Alhaji gidansa ne. A ribar miliyan 6 zai biya 870,000 maimakon 896,000. Mai kula da inji zai sauko daga 5,300 zuwa 3,500 a wata.

An sayo littafi uku masu bango mai ƙarfi: na ciniki da casa, na kashewa, na sito. Za a ajiye su a akwatin ƙarfe a kan benci, ba a ƙasa ba, a riƙa ɗaukar hotonsu duk Juma'a. An mayar da na'urar POS kan asusun kasuwanci. Kuɗin mutane daga yanzu asusunsa na kansa za su riƙa shiga, a rubuta mai su a ranar. Makaniki da duk wanda aka ba tsabar da ta haura 20,000 zai sa hannu a littafin kashewa.

Abin da ke gaba: ƙirgar sito ranar Laraba 31 ga Disamba da safe, kafin a kunna inji, shanshera daban, casasshiya daban, ɓuntu da dusa daban, mutum biyu su ƙirga su sa hannu. Jerin ma'aikata kafin 31 ga Janairu. Amsar takardar ƙin amincewa da ta neman yafiya, za a leƙa ofis ranar 22 ga wata. Bayan biya na ƙarshe a nemi takardar shaida, wadda doka ta ce a bayar cikin mako biyu ko a faɗi dalilin hanawa. Fom ɗin 2026 kafin 31 ga Maris.